Garaɓasar Anti Sadiya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu. Wannan ne karon farko da na rubuta wani abu na sake shi idon jama'a ya gani, kuma sau huɗu ina gogewa kafin na bar wannan, saboda haka idan kun ga na ɗan yi kewaye ku yi min uzuri. Abin a daminar bana ya faru.

Sunana na yanka Harira, sunan kakata ta wajen uba, shi ya sa ake ce min Umaima. Ban da Umma. Ni ce 'yar fari, don haka a bakin Umma sunana "Ke". Shekara ashirin da huɗu ke nan ina amsawa.

Gidanmu yana Unguwar Dosa, mai get ruwan toka da bishiyar mangwaro a ƙofa. Tun ina aji uku a firamare mota ta daina kwana a garejinmu. Umma ce ta mayar da shi shago: atamfa, leshi, shadda, mayafai, takalma da jakunkuna, sai setin akwatuna a can sama suna gogar silin. Duk mai haɗa lefe daga Malali zuwa Kawo ya san garejin Hajiya Jummai. Motar Abba kuwa a gindin mangwaro take kwana, tsuntsaye suna yi mata ado, kuma shekara goma sha shida bai manta ba.

Bayan Babbar Sallah kasuwa takan kwanta kowace shekara. An gama ɗinki, kuɗi sun tafi wajen rago, kuɗin makaranta na tafe, ga ruwan sama kullum. Amma bana kwanciyar ta yi nauyi. Sati biyar ba a sayi ko ɗankwali ba. Umma ta koma zama a kujerar roba tana kunna turaren wuta saboda warin danshi, tana warware leshi tana mayarwa don kada ya yi funfuna.

Wata safiya muna karyawa Abba ya ajiye kofin shayi ya ce, "Jummai, Malam Lawan mai kemis ya sake zuwa. Wurin nan yake so, zai biya shekara biyu a dunƙule. Idan watan nan ya ƙare a haka zan ba shi. Kayan ki mayar ɗaki."

Umma ta ce, "Allah ya kaimu, Alhaji."

Wanda bai san Umma ba zai ɗauka ta yarda. Ni da na ga yadda ta ci gaba da juya kunun da ya riga ya huce, na san ba haka ba ne. Da garejin nan ta biya min makaranta. A nan take jin wanda ya haihu, wanda ya mutu da wanda aka saka. In aka raba ta da shi, sai dai ta zauna falo tana kallon Abba yana kallon labarai.

Kafin na ci gaba, bari na gabatar muku da Zaharaddeen, tunda shi ne dalilin da ya sa na kira wannan labarin soyayya. Ma'aikacin gwamnati ne, ɗan Unguwar Sarki, dogo, mai tsafta, hularsa kullum a kafe kamar da ita aka haife shi. Laraba da Asabar yake zuwa zance bayan la'asar. Layinmu gangare ne, to shi daga saman layi yake kashe mota ya gangaro a hankali har gindin mangwaro, saboda mai. Ba a jin zuwansa, sai dai a gan shi. Yakan riƙo min yogot guda ɗaya mai sanyi. Shekara biyu muna haka, bai taɓa saɓa rana ba, bai kuma taɓa turo magabata ba.

Wannan ne abin da ke hana Gwaggo Hassana, yayar Abba, zaman lafiya a Rigachikun. Duk sati sai ta hawo mota ta zo.

"Umaima, shi wannan mai gangaro da motar, yaushe zai gangaro da iyayensa?"

"Gwaggo ya ce yana shiri."

"Shiri. Sa'o'inki na goya na biyu, ke kina goyon littafi. Wai me kike samu a cikin takardun nan ne? Ko a ciki aka rubuta ranar?"

Ni dai nakan sunkuyar da kai. Gaskiyar Gwaggo ce, ni mutuniyar littafi ce. Harkar kasuwanci na karanta, na fito da sakamako mai kyau, amma ko tumatir aka aike ni saye, abin da mai tumatir ya faɗa shi nake biya, har da godiya.

To ranar da Abba ya yanke wa'adi sai na ji lokacin da karatuna zai yi rana ya zo. Na ɗauko wani ƙaton littafina, na buɗe babin da ke maganar yadda ake tayar da ciniki idan kasuwa ta kwanta, na same Umma a gareji.

"Umma, rangwame za mu yi. A rage kashi ashirin cikin ɗari, a sanar wa duniya, a sa ranar ƙarewa. Mutum in ya ga abu zai wuce shi, ko bai shirya ba sai ya saya. Manyan kamfanoni haka suke yi."

Ta dubi littafin, ta dube ni. "Ke, ragi ai a kunne ake yin sa."

"Wannan tsohon yayi ne, Umma."

Ban san inda na samo ƙarfin halin faɗar haka ba. Wataƙila shi ya sa ta ƙyale ni. Na kai aka buga min ƙyalle ja da rawaya, faɗinsa ya kai ƙofar garejin: GARAƁASA! AN ZABGE KASHI ASHIRIN! Na hau kujera na ɗaure da kaina, na ɗauki hoto na watsa a WhatsApp, na dawo na zauna ina jiran cinkoso. Har kujeru na ƙaro daga ciki.

Ranar farko mata suka riƙa rage tafiya a ƙofar, su karanta, su gaisa da Umma daga nesa, su wuce. Rana ta biyu maƙwabciyarmu ta shigo da fuskar ta'aziyya ta ce, "Hajiya lafiya dai ko? Tashi za ku yi, ko wani abu ne ya samu Alhaji?" Kafin magariba labari ya zaga cewa rufin garejin ya yi yoyo, kaya sun jiƙe, shi ya sa ake neman kai da su. Rana ta uku wata da ta sayi leshi kafin sallah ta dawo da shi a leda, ɗinkakke, ta ce ita ba kuɗinta take nema ba, so take kawai Umma ta san ta cuce ta, don yanzu duk bikin da ta shiga da shi za a ce na garaɓasa ne.

Rana ta huɗu Gwaggo Hassana ta sauka daga Keke, ta tsaya a gaban ƙyallen ta riƙe haɓa.

"Jummai, wa ya ba ki wannan shawarar?"

Umma ta ci gaba da ninke leshinta. Gwaggo ta juyo ta kalle ni, ta gane.

"Au, 'yar boko ce. To ki buɗe littafin ki duba min, wane namiji ne zai kai wa 'yar mutane lefe, a buɗe akwati gaban dangi, wata ta ɗaga turmi ta ce, wannan ba ita ce ta ƙarƙashin ƙyallen Jummai ba? Kowa na son arha, 'yar nan, amma ba mai son a gan shi da ita."

Da yamma Umma ta kwance ƙyallen ta lulluɓe janareto da shi saboda ruwa. Nan ne kawai ya yi amfani. Ni kuwa na shige ɗaki na kasa cin tuwo. Sai ga ta ta leƙo.

"Ke, tashi ki ci abinci. Kin taɓa lura da abin da nake yi idan mace ta gama zaɓen kaya?"

Na girgiza kai.

"Kusurwa nake jan ta, wajen akwatuna, in rage murya in ce, don ke ce, kada ki gaya wa kowa. Babu matar da ban yi wa haka ba a unguwar nan. Kowacce kuma gani take ita kaɗai ce."

Ta fita ta bar ni da wannan. Babu shi a babin, na duba.

Washegari na sayi sabon layi, na sa a tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi. Na sa hoton fure, na rubuta suna: Anti Sadiya, kaya daga Kano. Na shimfiɗa farin kwali na ɗauki hoton atamfofin a kai, don kada wata ta gane tayil ɗin garejinmu. Na kwashi lambobin mata daga wayar Umma, na tsara saƙo:

"Hajiya barka da yini. Wata ce ta ba ni lambarki, ta ce ke mai sanin kaya ce. Ina da 'yan kaya kaɗan, mutum biyar na ware wa ragin kashi goma sha biyar zuwa Juma'a. Don Allah kada ki yaɗa."

Na kai wa Umma ta karanta da tabarau.

"Wannan ba ƙarya ba ce?"

"Kayan ai daga Kano kika saro su, Umma."

"Mutum biyar ɗin fa?"

"Biyar-biyar zan riƙa turawa."

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, kamar yau ta fara ganina. Sannan ta ce, "Malam Ila mai Keke zai riƙa kaiwa, a ba shi kuɗin a hannu. Dattijo ne, ba ya magana."

Mata tamanin da huɗu na tura wa. Kafin sati ya zagayo, matan da ban taɓa tura wa ba ma sun fara rubutowa, kowacce da "wata ce ta ba ni lambarki a asirce". Kayan da suka ƙi saye da ragin ashirin a ƙofar gidansu, su ne suke roƙo da ragin sha biyar daga hannun matar da ba su taɓa gani ba. Har wadda ta ce Umma ta cuce ta sai da ta karɓi turmi biyu.

Ranar Asabar sai ga Gwaggo da leda a hammata. Ta zaro atamfa mai ruwan ganye ta shimfiɗa wa Umma a cinya.

"Jummai, taɓa ki ji. Wannan ita ce atamfa, ba irin naki da suka sha danshi ba."

Umma tana da wata al'ada, duk turmin da ya shigo hannunta sai ta ɗiga masa jan biro a kusurwar takardar. Ina kallo ta juya gefen, ta ga ɗigonta, ta mayar a hankali.

"Ma sha Allah, Yaya. A ina kika samu?"

"Sirri ne. Mu biyar kawai aka zaɓa."

Na ruga kicin na toshe baki da mayafi.

Sai dai murnarmu ba ta yi nisa ba. Da Umma ta shaida wa Abba ciniki ya motsa, sai ya ce, "To madalla. Tunda ta waya ake cinikin, Ila kuma ta ƙofar baya yake ɗauka, garejin na mene ne? Ni ina zaune a gindin mangwaro, ban ga ƙafar kowa ta shiga ba." Ya nuna setin akwatunan da ke sama tun kafin azumi. "Ranar da na ga waɗancan sun fita ta ƙofar nan a hannun mai saye, na fasa. In ba haka ba, Juma'a Lawan zai kawo kafinta."

Kun gani ko? Dabarata ta farko ta kori masu saye, ta biyun kuma ta tabbatar wa Abba ba ma bukatar shagon. Ga mai son ɗaukar ni aiki, ƙofa a buɗe take.

Ranar Laraba da hantsi, saura kwana biyu wa'adi ya cika, ina goge hijabi sai wayar Anti Sadiya ta yi motsi. Na duba. Lambar ba ta da suna, amma ko a barci aka tashe ni zan karanto ta. Sai da na zauna a bakin gado kafin na buɗe.

"Salamu alaikum Anti. Ƙanwata Lubna ce ta ba ni lambarki a asirce. Kina haɗa lefe?"

Na yi minti goma ina kallon rubutun, hijabin na ƙauri a ƙarƙashin dutsen guga. Shekara biyu ina jiran kalmar nan daga bakinsa, ashe Anti Sadiya ce mai rabon ji.

"Wa alaikumus salam. Ina haɗawa. Akwati nawa?"

"Seti mai shida. Amma Anti sha biyar ɗin nan ta yi kaɗan. Tunda da yawa zan saya, a kai talatin."

"Ba zai yiwu ba."

"Ashirin da biyar."

"Amaryar wace iri ce? Don in san irin kayan da za su dace."

Na san bai kamata ba. Amma ku faɗa min gaskiya, wace ce a cikinku ba za ta tambaya ba?

"Ita ba ta da matsala ko kaɗan. Ko buhu aka ɗinka mata za ta sa, in dai akwai littafi a hannunta. Matsalar mahaifiyarta ce."

"Me ta yi?"

"Sana'arta ke nan. Da ido take sanin kuɗin turmi. Wallahi Anti shekara biyu ina tara kuɗin lefen nan, duk lokacin da na ce ya isa sai in tuna ita za ta buɗe akwatin, sai gabana ya faɗi."

"To me ya hana ka saya a wurinta?"

"Haba Anti. In tsaya ina taya kaya a gaban surukata? Kuma kwanaki ta kafa ƙyallen garaɓasa. In na saya a can sai a ce lefen garaɓasa na kai. Ni ba na son arha ta zubar min da mutunci. Ashirin da biyu fa?"

Daga nan ya shiga tsari, kamar mai rubuta takardar ofis. Masu sauƙin kuɗi a jera su a ƙasa, masu tsada a sama, tunda mata in sun ɗaga uku na farko sukan gaji. 'Yar takardar farashi ta asali kada a cire, a bar ta kamar mantuwa aka yi. Na ɗaga yatsa zan rubuta masa abin da ba zai manta ba, sai wani saƙon ya shigo.

"Takalmi lamba talatin da takwas, amma ƙafarta ta hagu ta fi faɗi, a ba da mai ɗan sarari. Kada a sa rawaya, ba ta so, ta ce tana sa ta kama da mai zazzaɓi. Mayafai masu kauri, ba ta son shara-shara."

Maganar rawayar nan sau ɗaya na taɓa yin ta, bara, kuma na ɗauka ba ya saurare.

"Sannan akwati na shida a bar shi babu komai. Littattafanta za ta zuba, na ga a kwali take ajiye su, danshi na cin su."

Na rungume wayar a ƙirji. Har idona ya ciko. Sai ta sake motsi.

"Sai a cire min kuɗin kayan da ya kamata su shiga na shidan."

'Yan uwa, har yau da nake wannan rubutun ban san ko soyayya ce ko tsimi ba. Na fi zaton shi ma bai sani ba.

Da la'asar, tunda Laraba ce, sai ga motar ta gangaro shiru. Na saka doguwar rigata ruwan ƙasa da hijabi mai aljihu, wayar Anti Sadiya a ciki don kada Umma ta ɗauka. Muka zauna a kujerun roba a baranda. Yau yogot biyu ya kawo.

"Umaima, ki fara shiri," ya ce yana gyara hula. "Akwai maganar da nake yi da wasu manyan 'yan kasuwa daga Kano. Ni in zan yi abu, mai kyau nake yi. Ba na duba kuɗi."

"Allah ya taimaka," na ce wa yogot ɗin.

"Bari ma in tuna musu."

Ya ciro waya ya yi rubutu. Aljihuna ya yi gurnani. Na yi tari mai ƙarfi na dafe wurin. Ya sake rubutu, aljihun ya sake.

"Mura kike yi?"

"Sanyin yogot ne."

"To ki ajiye ɗayan zuwa Asabar."

Bayan ya tafi na duba. "Anti ina jiran amsa. Ashirin, magana ta ƙare. Yanzu haka ina gabanta, tausayi take ba ni."

Na kwana da abin a raina. In na yi shiru na sayar masa ta ƙofar baya, zan samu miji, Umma ta rasa gareji, kuma ranar buɗe lefe za ta ga jan ɗigonta a kowane turmi. In na ƙi sayarwa, wa ya san shekara nawa zai ƙara yana gangarowa? Na buɗe littafin nan nawa har ƙarshe, babu babin da ya yi maganar wanda ya zo sayen lefenki a hannunki.

Da safe, bayan Abba ya fita gindin mangwaro da rediyonsa, na sami Umma a gareji na miƙa mata wayar Anti Sadiya. Ta sa tabarau. Umma a hankali take karatu, leɓenta na motsi. Ina kallon fuskarta. Wajen buhu ta ɗaga gira. Wajen "da ido take sanin kuɗin turmi" na rantse na ga gefen bakinta ya motsa. Wajen masu sauƙi a ƙasa ta ce, "Hm." Da ta kai akwati na shida sai ta tsaya, ta koma sama ta sake karantawa, ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi.

A gidanmu uwa ba ta tambayar 'yar fari ko tana son wane. Sai ta kalli akwatunan ta ce, "Ke, akwatin littafin nan, kina so?"

Na kalli yatsun ƙafata, na hagun mai faɗi.

"To," in ji Umma. "Rubuta."

Na karɓi wayar.

"Ki ce masa ragin yau da magariba zai ƙare, akwai wani Alhaji da ke son setin."

"Umma, wane Alhaji?"

"Babanki. Ba so yake su fita ba? Rubuta. Ki ce lefe ba a aika shi a Keke, mai shi ne yake zuwa ya gani da idonsa, ya ɗauka da hannunsa."

Na tura. Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta zo: "Ina tashi daga ofis zan zo. Don Allah kada a ba Alhajin. Turo adireshi."

Na ɗago na kalli Umma. Ta miƙo hannu ta karɓi wayar. Umma da yatsa ɗaya take rubutu, ta daɗe tana yi, sannan ta nuna min kafin ta tura:

"Unguwar Dosa, gida mai get ruwan toka. Gindin mangwaron da kake ajiye mota Laraba da Asabar."

"Umma, don Allah, zai gudu."

"In ya gudu a kan wannan, gara ya gudu tun akwatunan suna nawa." Ta danna. "Je ki ɗauko min ƙyallen nan naki a kan janareto, ki goge shi ki mayar inda yake."

"Na garaɓasar?"

"Ta ƙarƙashinsa zai shigo."

"Ragin fa, za ki yi masa?"

"Zan yi masa. A kunne."

Alamar nan biyu ta WhatsApp ta koma shuɗiya, ya karanta ke nan. Aka nuna yana rubutu, ya daina. Ya sake farawa, ya daina. Haka aka yi ta yi har azahar, ko harafi ɗaya bai iso ba. Na hau kujera na ɗaure ƙyallen, Abba yana kallona ta saman rediyo yana girgiza kai. Umma ta sa aka sauko da akwatunan shida, ta goge su ɗaya bayan ɗaya, ta canza turaren wuta, ta yi wanka ta ɗaura leshinta na zuwa biki. La'asar ta yi, ta wuce. Malam Lawan ya biyo ta ƙofar da tef ɗin awo a hannu, ya gaisa da Abba, ya ce gobe da sassafe in sha Allah. Ƙarfe biyar ta gota. Na riga na fara tsara yadda zan gaya wa Gwaggo cewa da hannuna na kori shago da miji a sati ɗaya.

Biyar da rabi na hango motar a saman layi. Ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, har wani mai Keke ya yi masa hon ya kewaye shi. Sannan na ji abin da ban taɓa ji ba cikin shekara biyu: ƙarar injinta, tana saukowa a kunne.

Abba ya rage rediyo. "Yau ba Alhamis ba ce?"

"Mai saye ne, Alhaji," in ji Umma. "Ka zauna da kyau ka gani." Ta juyo gare ni. "Ke, shiga ciki. Amarya ba ta tsayawa a cinikin lefenta."

Na shige ta ƙaramar ƙofar da ta haɗa gareji da falo, na bar ta a ɗan buɗe, na manna kunne. Na ji ya durƙusa yana gaida Abba, muryarsa kamar ta wanda aka kama da amsa a jarrabawa. Na ji takunsa ya iso bakin gareji ya tsaya, daidai ƙarƙashin ƙyallen. Wayar Anti Sadiya ta yi gurnani a hannuna.

"Umaima, ke ce?"

Ban kai ga amsawa ba na ji Umma ta ja zif ɗin babban akwati, ta ce da muryarta ta tarbar manyan baƙi:

"Bismillah, Malam Zaharaddeen, shigo daga ciki. Ka ce masu sauƙin a ƙasa ko?"